Takardar Koke Zuwa ga Mai Girma Hakimi Kan Rashin Malamin Lissafi Mai Zurfi a Babbar Sakandaren Garinmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci da masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, mu iyayen ɗaliban babbar sakandaren garin nan, tare da tsofaffin ɗalibanta da wasu dattawan gari, mun kawo kukanmu gabanka. 'Ya'yanmu masu karatun kimiyya suna gama aji uku ba tare da an koya musu lissafin da jami'a ke nema ba, shi ya sa duk shekara guraben injiniyanci da kwamfuta da kimiyya suke wuce mu.

Allah ya ja zamaninka, ga yadda abin yake. Yaro ba ya shiga jami'a a ƙasar nan sai ya haye gada biyu. Ta farko ita ce WAEC ko NECO, inda ake son kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi ga ɗalibin kimiyya. Ta biyu ita ce jarrabawar JAMB, wadda ake yi a kwamfuta: darussa huɗu, maki 400, tambayoyi 180 cikin awa biyu. Turanci na da tambayoyi 60, sauran darussa ukun 40 kowanne. In aka raba lokacin, kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rak. Wanda yake son injiniyanci dole ya zaɓi lissafi da fiziks da kemistiri, bayan haka kuma jami'o'i da yawa suna da tasu tantancewar. A 2025, sakamakon farko da JAMB ta fitar ya nuna cewa cikin ɗalibai wajen miliyan 1.9, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Ke nan matsalar ta ƙasa ce baki ɗaya, amma tamu tana da dalilin da muka sani, kuma maganinsa bai fi ƙarfinmu ba.

Manhajar lissafi ta JAMB tana da sassa biyar: lambobi, aljabara, jiyometiri tare da tirigonometiri, kalkulas (lissafin yadda abu yake ƙaruwa ko raguwa), sai ƙididdiga. Mun karɓi littattafan rubutun yaranmu mun duba tare da waɗanda suka san fannin a cikinmu. Lambobi an yi. Aljabara an taɓa rabinta. Jiyometirin da ake yi da layuka a kan jadawali, wanda ake nemo gangaren layi da tazarar ɗigo biyu, an fara ba a ƙarasa ba. Kalkulas kuwa, wasu yaran sunansa kawai suka sani. Darasin lissafi mai zurfi na musamman, wanda WAEC da NECO duk suke jarrabawa a kansa ga mai so, ba a yin sa a makarantar sam, don babu mai koyarwa.

Ba mu zo ƙarar malamai ba. Malamin lissafin da ke nan shi kaɗai ne yake zagaya ajujuwan babbar sakandare, kuma mun shaida yana bakin ƙoƙarinsa. Mutum ɗaya ba zai koyar da ajin da ya cika maƙil, ya duba aikin kowa, ya kuma ƙarasa manhaja kafin watan Afrilu ba, lokacin da aka saba rubuta JAMB. Abin da ya rage masa shi ne ya rubuta ƙa'ida a allo, yara su kwafa su haddace. Haddar ƙa'ida kuwa ba ta warware tambaya. Yaron da ya haddace sai ya zauna gaban kwamfuta, a juya masa tambaya ta fuskar da bai saba ba, ya tsaya yana kallon agogo na tafiya, daga ƙarshe ya danna abin da ya samu.

Ranka ya daɗe, muna so mu kawo misali ɗaya, domin akwai masu cewa wannan lissafi na 'yan boko ne kawai, ba ruwan talaka da shi. A ce mai lambu yana da waya mita 100 zai kewaye fili mai kusurwa huɗu. In ya yi tsawo 40 faɗi 10, wayarsa ta ƙare, filin da ya samu murabba'in mita 400 ne. In ya yi 30 da 20, ya sami 600. To ina ne iyaka? Ɗalibin da ya san aljabara zai ce tsawo da faɗi in an haɗa 50 ne, don haka in faɗi x ne, girman fili shi ne x sau (50 − x). Kalkulas kuma ya nuna masa cewa girman yana daina ƙaruwa a daidai inda 50 − 2x ya zama sifili, wato x ya zama 25. Fili 25 da 25, murabba'in mita 625, da wayar nan dai guda. Layi uku ne a takarda. Irin wannan tambaya tana cikin abin da manhajar JAMB ta tanada, kuma da irin wannan tunani injiniya yake fitar da girman tankin ruwa ko ƙarfin da gada za ta ɗauka. Yaron da aka nuna masa sau ɗaya, ya kuma yi gwaji da hannunsa sau da yawa, zai gama ta kafin daƙiƙa 40. Wanda ba a taɓa nuna masa ba, ko awa aka ba shi sai dai ya yi canki.

Abin da ya fi damun mu shi ne yaran nan ba daƙiƙai ba ne. A cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani, akwai masu riƙe wa iyayensu lissafin shago ranar kasuwa ba tare da kuskuren naira ɗaya ba. Kuma ilmin hisabi ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi har kowane layi ya ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, malaman Masar suna girmama shi. Malamanmu na fara'id har gobe suna raba gado da sudusi da sumuni da sulusi biyu ba tare da na'ura ba. A zamanin boko ma, Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi ɗan Adamawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma kowa ya ga yawan likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Abin da aka yi musu shi ne an kai malamai, an ba yara lokaci.

Mai hali a cikinmu yakan tura ɗansa birni ya yi lesin na wata da watanni. Wani kuma, bayan ɗansa ya faɗi, ya nema masa makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, ko ya bi ta hanyar IJMB, wani shirin karatu na share fagen shiga jami'a, a ƙara shekara da kuɗi. Talaka ba shi da wannan zaɓi. Ɗansa yakan karɓi kowane kwas aka ba shi, ko ya haƙura. 'Ya'ya mata sun fi shan wahala, don ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta tafi wani gari lesin ba, kuma ba mu ga laifinsa ba a halin da hanyoyi suke ciki.

Don haka, Allah ya taimake ka, babban roƙonmu shi ne ka isar da wannan kuka ga Mai Martaba Sarki da Ma'aikatar Ilimi ta jiha, a turo wa makarantar ƙwararren malamin da ya karanta lissafi a jami'a, a kuma buɗe darasin lissafi mai zurfi tun daga aji ɗaya na babbar sakandare. Mun san sakandare a hannun gwamnatin jiha take, amma takardar da ta fito daga fadarka nauyinta daban ne da wadda ta fito daga hannunmu. Muna jaddada cewa a fara daga aji ɗaya, domin kalkulas a kan aljabara yake tsaye, kuma yaron da bai iya warware lissafin da ke da x sau x ba, ba za a cusa masa sauran a wata uku ba.

Kafin malamin ya iso, ba ma so 'yan aji uku na bana su bi sahun na bara. Muna roƙo ka sa baki wurin shugaban ƙaramar hukuma, in an kawo masu yi wa ƙasa hidima, a ware mana waɗanda suka karanta lissafi ko injiniyanci ko fiziks. Mu kuma mun ɗauki nauyin masaukinsu da ɗan abin alheri a ƙarshen wata. Muna kuma neman izininka a buɗe ajin warware tambayoyi ranakun Asabar da Lahadi da hantsi, daga bayan kaka har zuwa lokacin jarrabawa, maza da mata kowa da zamansa, ba da dare ba. A wannan aji ba ma son a maimaita karatun allo. Muna so a raba tambayoyin shekarun baya, a sa agogo, yaro ya fito ya warware a gaban 'yan'uwansa, a nuna masa inda ya kauce. Akwai 'yan asalin garin nan da ke koyarwa a manyan makarantu, da ɗalibanmu na jami'a masu dawowa hutu. In kiran ya fito daga bakinka, mun tabbata za su amsa.

Saura littattafai da kwamfuta. Da yawa daga yaranmu ranar jarrabawa ce suke fara ɗora hannu a kan kwamfuta. In ka tara attajiran gari ka yi musu magana, 'yan kwamfutoci kaɗan da farantin sola da littattafan lissafi na aro za su wadatar a farko. Ƙungiyar iyaye da malamai ta yarda ta riƙe rajistar kayan, ta kuma kawo maka rahoto a ƙarshen kowane zango: yara nawa suka halarta, wane sashe aka gama, wane ne ya rage.

Muna roƙon ka sa mana rana, kafin a buɗe rajistar JAMB ta bana, mu zo fada tare da shugaban makaranta da malamin lissafi, mu kawo littattafan yaran ka gani da idonka. Sunayenmu da sa hannunmu suna haɗe da wannan takarda.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja zamaninka.

Mu ne naka masu biyayya,
Iyayen ɗalibai, tsofaffin ɗalibai da dattawan gari.