Rahoton kwamiti kan gyaran ɗakin magani na gidan yari

Assalamu alaikum. Ga bayanin aikin da jama'a suka haɗa kuɗi aka yi a ɗakin ajiye magani na gidan yarin yankinmu, a jihar Arewa Mai Nisa ta ƙasar Kamaru. An kammala, an miƙa makullai ga shugaban gidan da malamin asibitin da ke kula da ɗakin.

Ɗakin mita 4 ne a kan 5, rufin kwano, ba silin. Kowa ya san zafin wannan yanki a watan Maris da Afirilu, da rana yakan haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa abin ya fi haka. Galibin magunguna a jikin kwalinsu an rubuta kada a ajiye su inda zafi ya wuce 25 ko 30. Ƙwayar da ta sha zafi sau da yawa kamanninta ba ya sauyawa, ƙarfinta ne ke raguwa, mai tarin fuka ya yi ta sha wata shida yana zaton magani yake sha. Saboda haka kaso mafi tsoka na kuɗin a kan rufi ya tafi.

Wasu sun kawo shawarar a sayi na'urar sanyaya ɗaki. Kwamiti bai yarda ba, domin ranar da aka ɗauke wuta ta zama kwalliya. Sai aka ɗaga bango da layin bulo uku, aka sauya kwanon da ya huje, aka shafa masa farin fenti ta sama don ya riƙa mayar da hasken rana. An buga silin, an bar sarari tsakaninsa da kwano, an huda kafofin iska biyu gabas da yamma don zafin da ya taru a can ya samu hanyar fita. Kafofin an rufe su da raga mai ƙarfi, in ba haka ba jemagu da ɓeraye su ne 'yan hayar farko. Duk katakon da aka sa sai da aka jiƙa shi da maganin gara.

Daɓen da muka tarar yana tsotso danshi da damina, kwalayen da aka jibge a ƙasa har sun yi fumfuna. An fasa shi, an shimfiɗa leda mai kauri, sannan aka zuba sabon kankare, ana ba shi ruwa safe da yamma har mako guda don kada ya tsattsage. Buhun siminti 34 aikin ya ci gaba ɗaya, daga Marwa aka ɗauko. Kantoci na ƙarfe ne, mai walda ya haɗa su a wurin. Kwali ba ya taɓa ƙasa, yana sama da santimita 10, nesa da bango da santimita 30.

Insulin, wato allurar ciwon sukari, da sauran abin da ke son sanyi tsakanin digiri 2 da 8 an saya musu firjin sola. A kula, insulin in ya daskare ya lalace, ko ya narke ba a amfani da shi, don haka ba a jingina shi da bangon firjin. An rataya ma'aunin zafi a ɗaki, wani a firji, ana rubuta abin da suka nuna sau biyu a rana.

Sai maganar tsaro. Tiramol da diyazefam (maganin kwantar da hankali da sa barci) kaya ne masu kasuwa a cikin gidan yari. An kafa musu akwatin ƙarfe a jikin bango mai kwado biyu, makullan a hannun mutum biyu daban, da littafinsu na shiga da fita. Ƙofa ta ƙarfe ce. An fasa ƙaramar taga mai sanduna, ta nan ake miƙa magani, fursuna ya haɗiya a gaban malamin asibiti, ba ya shiga ɗakin. Dokokin Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce ɗaurarre yana da haƙƙin samun kulawar lafiya daidai da ta wanda ke waje, kuma da su muka kafa hujja wurin neman izinin aikin.

An jera magunguna yadda wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ke gaba, kowane da katin lissafinsa. Waɗanda suka riga suka lalace an ƙirga su, an rufe a kwali dabam, suna jiran ma'aikatan lafiya na gunduma su zo su ɗauka. Ba a ƙona su a tsakar gida, ba a zuba su a masai.

Abin da ya rage: da azahar a tsakiyar bazara ma'aunin ɗakin yana ɗan haura 30. Ana buƙatar fanka mai jan iska waje da ƙarin faifan sola ɗaya. Rasitan aikin duka suna hannun ma'aji, mai son dubawa ya same shi bayan sallar Juma'a.