A duba yadda ake yi wa ƙananan alƙalan wasa ƙarin girma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba a cika tunawa da su ba sai ranar da za a zage su, wato ƙananan alƙalan wasan ƙwallon ƙafa da ke busa usur a gasannin unguwanni, da na makarantu, da na ƙananan hukumomi. Na daɗe ina cikin wannan harka, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda matashi zai shafe shekaru yana alƙalanci a mataki ɗaya ba tare da ya san abin da ake nema a wurinsa kafin ya matsa gaba ba.

A tsarin da muka sani a Najeriya, mai sha'awar aikin yakan yi rajista da majalisar alƙalan wasa ta jiharsa, ya halarci horo, ya rubuta jarrabawa a kan dokokin wasa 17, sannan ya fara daga mataki na uku, ya hau na biyu, ya kai na ɗaya. Daga nan ne ake sa ran ganinsa a gasannin ƙasa, har zuwa gasar Firimiya ta Najeriya, sannan 'yan ƙalilan Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya ta miƙa sunayensu ga FIFA. Tsarin ba shi da laifi a takarda. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake tantance wanda ya cancanci hawa daga wannan mataki zuwa wancan.

Abubuwa uku ake aunawa: sanin doka, da ƙarfin jiki, da yadda mutum ke tafiyar da wasa. Biyun farko suna da sauƙin aunawa, domin takardar jarrabawa da agogon gudu ba su san ɗan wane ba. Gwajin da FIFA ta tsara wa alƙalanta maza, misali, ya ƙunshi gudun mita 40 har sau 6, kowanne cikin daƙiƙa 6, sannan gudun mita 75 da tafiyar mita 25 a jere har sau 40. Wanda ya gaza ya gaza, babu gardama. Sanin doka ma yana buƙatar sabuntawa kowace shekara, tunda hukumar IFAB, mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya, ba ta daina gyara ba. A 2019 aka daina wajabta wa ƙwallo fita daga da'irar mai tsaron raga a bugun gola kafin a taɓa ta, a 2025 kuma aka ce mai tsaron ragar da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8 a ba abokan hamayya bugun kusurwa. Har yau akwai filayen da ake busa tsohuwar doka, ba don taurin kai ba, sai don babu wanda ya tara alƙalan ya karantar da su.

Abu na uku shi ne ainihin aikin, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ba a sanin alƙali a cikin aji. Ana saninsa ne a filin da babu shinge tsakanin 'yan kallo da layi, babu ɗan sanda ko ɗaya, layin ma da toka aka ja shi, ga ƙungiyar masu gida ana cin ta ɗaya da nema saura minti biyar, sai ɗan wasansu ya faɗi a cikin da'ira jama'a suka ɗauki ihun fenareti. A wannan lokacin ne ake gane ko yana tsaye a inda ya dace ya ga abin da ya faru, ko ya dubi mataimakinsa mai tuta, ko yana da zuciyar da zai ce a ci gaba da wasa. Idan babu wani gogaggen mai sa ido zaune a gefe yana rubutawa, wannan jarumtar ta tafi a banza, kuskuren da ya yi ma babu mai gyara masa. Na san matasa da dama da suka busa wasanni masu yawa ba tare da an taɓa ba su rahoto a rubuce ba. Idan lokacin ƙarin girma ya zo, da me za a auna su? A nan ne sanayya take samun ƙofa, wanda yake da uwa a gindin murhu ya wuce, wanda ba shi da kowa ya ci gaba da jira.

Jiran kuwa yana da tsada, domin shekaru ba sa tsayawa. FIFA tana karɓar alƙalin tsakiya daga shekara 25, mataimaki daga 23. Matashin da ya fara yana ɗan shekara 18, in aka bar shi shekara goma a ƙananan matakai, ƙafarsa za ta fara sanyi kafin a san da shi. Howard Webb na Ingila, wanda ya busa wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya a 2010, ya fara ne a ƙananan gasannin yankinsu a 1989, ana bibiyarsa mataki bayan mataki. Ba sai mun je Turai ba ma. Lucien Bouchardeau na Jamhuriyar Nijar ya yi alƙalancin wasan Italiya da Chile a gasar duniya ta 1998, a shekarar da Said Belqola na Maroko ya busa wasan ƙarshe tsakanin Faransa da Brazil. Bakary Gassama na Gambiya, ƙasar da yawan mutanenta bai kai na jihar Kano ba, ya je gasar duniya a 2014 da 2018 da 2022. Mu kuwa da aka fitar da sunayen alƙalan gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwadebuwa a farkon 2024, babu ɗan Najeriya ko ɗaya. An yi ta surutu a lokacin, amma a ganina matsalar ba daga sama ta fara ba, daga filayen unguwanni ta faro.

Shawarata ga majalisun alƙalan wasa na jihohi ita ce su fitar da sharuɗɗan ƙarin girma a rubuce, kowa ya san yawan wasannin da zai busa a kaka, da makin da zai ci, da ranar gwajin gudu. Tsofaffin alƙalan da suka ajiye usur suna nan da yawa a garuruwanmu, kuma mafi yawansu za su yarda su riƙa zuwa kallon ƙananan wasanni in an ba su kuɗin mota. A tura mutum biyu ko uku daban-daban su duba alƙali ɗaya a wasanni daban-daban, domin kada ra'ayin mutum guda ya yanke masa makoma, sannan a ba shi kwafin rahoton ya ga inda ya yi daidai da inda zai gyara. Wanda aka hana shi hawa a faɗa masa dalili.

Su ma masu shirya gasanni, musamman 'yan siyasa da attajiran da ke sa kofi da sunansu, suna da nasu haƙƙin. Duk wanda zai iya sayen kofi da riguna zai iya biyan alƙalai a kan lokaci, ya kuma samar da tsaro, domin alƙalin da ke tunanin ta inda zai gudu bayan an tashi ba zai iya nuna gwanintar da za a ƙara masa girma a kanta ba. Ina fata shugabannin hukumomin ƙwallon ƙafa na jihohinmu za su sa wannan batu a cikin ajandar taronsu kafin a buɗe kakar wasa mai zuwa.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani tsohon alƙalin wasa,
Kano.