Kafin a sayi tsohon babur, a karanta lambobinsa

Assalamu alaikum Edita,

Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu sha'awar tsofaffin babura, musamman masu farautar irin waɗanda suka yi ƙaranci a duniya don su maido da su yadda suka fito daga kamfani. Yawancin asarar da ake tafkawa a wannan harka tun ranar saye ake tafka ta. Mutum ya ga fenti yana walƙiya da babban suna a jikin tanki, ya biya, sai an kwance inji a tarar shasin na wani samfuri ne, injin na wani, lambar kuma wani ne ya zauna ya buga ta da hannunsa.

Mai nema ya fara da tsayar da samfuri ɗaya da shekara ɗaya, ya samo littafin kayan gyara da kamfanin ya fitar na wannan shekara, ya karance shi kafin ya je kallon komai. Sannan ya shiga ƙungiyar masu irin babur ɗin, domin nagartattu ba kasafai suke kaiwa ga talla ba, hannu da hannu suke wucewa tsakanin 'yan ƙungiya. Bayan su sai tsofaffin makanikai, da dillalan da suka rufe shago, da magadan da suka tarar da babur a jingine a ɗakin ajiya. Manyan gidajen gwanjo irin su Bonhams a Ingila da Mecum a Amurka suna da amfani ko ga wanda ba zai saya ba, saboda suna wallafa hotuna da lambobin abin da suka sayar, mutum ya samu abin gwadawa. Abin da nake hana kowa shi ne cinikin biri a sama. Idan nisa ya hana ka zuwa, tura wanda ya san samfurin, kada ka biya a kan hoto.

A ganina, babur mai tsatsa wanda kayansa suke cikakku, ba a taɓa kwance shi ba, ya fi wanda aka riga aka yi wa kwalliya. Tsatsa ba ta ɓoye komai. Sabon fenti kuwa yana rufe walda da fila da lambar da aka goge.

Yanzu ga maganar lamba, wadda ita ce gundarin wasiƙar nan. Kowane kamfani da tsarinsa, kuma wanda ya auna babur da tsarin wani kamfanin zai ƙi na gaskiya ya rungumi jabu. A Triumph Bonneville T120, wanda ya fara fitowa a 1959, lambar inji da ta shasi ɗaya ce. Haka ma BMW R69S na 1960 zuwa 1969, inda lambar ke jikin inji da jikin shasi da kuma ɗan farantin da ke wuyan babur. Amma a Honda CB750 da Kawasaki Z1 ba a sa ran lambobin biyu su zo daidai, kusa da juna kawai suke zuwa. A Vincent na bayan yaƙin duniya na biyu, lambar sashen shasi na sama da ta sashen baya su ne ke zama ɗaya, kuma galibi suna ɗara lambar inji da 1900. Harley-Davidson na kafin 1970 a jikin inji kaɗai lambarsa take, don haka wanda ya nuna maka lambar kamfani a shasin na 1965 ya ba ka dalilin tsayawa ka sake dubawa. Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 da aka sani a yau sai a 1981 ta zama doka a Amurka, kada a neme ta a jikin babur na 1968.

Daga samfurin 1969 Triumph da BSA sun shiga sa haruffa biyu a lamba, na farko wata, na biyu shekarar samfuri. Watanni suna tafiya A, B, C, D, E, G, H, J, K, N, P, X daga Janairu zuwa Disamba. A shekaru kuma C ita ce 1969, D 1970, E 1971. Ke nan AD na nufin Janairu, samfurin 1970. Idan takarda ta ce 1969, ƙarfe ya ce AD, ƙarfen za a bi.

Sanin tsarin bai isa ba, sai an dubi bugun kansa. A wanke wurin da kananzir da buroshi mai taushi, ba da sanfefa ba. A shiga inuwa, a haska tocila daga gefe ta yadda hasken zai kwanta a kan ƙarfen, a nan ne sawun magagari ko giranda ke bayyana. A ɗora rula ta ƙarfe a kan wurin: idan tsakiya ya lotsa har haske na ratsawa ta ƙarƙashi, an ci ƙarfen don a share tsohuwar lamba. A lura da zurfin kowane alƙalami da siffarsa, musamman 1 da 3 da 4 da 7, a gwada da hotunan wasu babura masu lamba kusa da wannan. Kamfanonin Ingila da hannu suke bugawa, don haka ɗan karkacewa ba laifi ba ne, abin tsoro shi ne harafi ɗaya da ya bambanta da 'yan uwansa a girma ko a zurfi. Triumph ma daga 1969 ta riƙa malale wurin lambar inji da ƙananan tambarinta kafin a buga lamba a kai, domin duk wanda ya goge lambar ya goge tambarin tare. Idan wurin ya zo sumul a injin 1970, magana ta ƙare. A shasi kuma a shafa yatsa a kewayen wuya, a nemi tudun walda, saboda akan yanko wuya mai lamba mai daraja a liƙa a wani shasin. A ƙarshe a duba kwanon inji sama da ƙasa. Kamfanoni irin su Vincent da Harley suna buga wata 'yar lamba a kowane ɓari na kwanon inji, shaidar cewa tare aka gyare su a masana'anta. Idan ɓarin biyu ba su yi daidai ba, injin haɗe-haɗe ne.

Jabu yakan taru ne a inda samfuri mai tsada yake da ɗan'uwa mai araha. Triumph TR6 mai kafireto ɗaya ana sauya masa kan inji a sa biyu a kira shi Bonneville. Vincent Rapide, mai lambar inji da ke farawa da F10AB/1, ana shafe injinsa da baƙin fenti a cusa masa B ya koma F10AB/1B, wato Black Shadow. BSA Rocket Gold Star, wanda aka ƙera a 1962 da 1963 kaɗai, lambar shasinsa da GA10 take farawa, kuma an sha mayar da A10 na gama-gari ya zama shi. Gold Star DBD34 ma ana haɗa shi a kan shasin B31 ko B33. A Honda CB750 na 1969, injuna 7,414 na farko su ne ake wa laƙabi da zubin yashi saboda kaushin jikinsu, kuma darajarsu ta ninka ta na bayansu, shi ya sa ake samun masu kausasa kwanon inji da gangan. Maganin duk wannan shi ne rajistar kamfani. BMW tana da sashen tarihi da ke ba da ranar ƙira da inda aka fara kai babur. Ƙungiyoyin masu Vincent da Norton da BSA, da ƙungiyar tsofaffin babura ta Ingila, VMCC, suna riƙe da bayanan fitar da kaya na masana'antu. A aika musu lambobi da hotuna kafin a biya, ko da amsar za ta ɗauki makonni. Mai sayarwar da ya ƙi jira ko ya hana ɗaukar hoton lamba, a bar masa kayansa.

Ƙananan kaya ma suna ba da shaida. A wancan zamani Lucas, kamfanin da ke yi wa baburan Ingila kayan lantarki, yakan buga wata da shekara a jikin magnito da dinamo. Ya kamata kwanan ya riga ranar ƙirar babur da 'yan makonni ko watanni. Idan ya biyo baya, an sauya kayan, wanda ba zamba ba ne amma yana rage daraja. Triumph 650 sai a 1963 aka haɗe injinsa da giya a kwano ɗaya. Kafireton Amal Concentric ya maye gurbin Monobloc a wajen 1967. CB750 na farko yana da wayar totur huɗu, kowane kafireto da tasa. A ƙirga abin da ya ɓata, domin fistin da ringi da boris ana samun sababbi, amma tanki da madigadi da agogon gudu da salansan ainihi, irin na Honda masu tambarin HM300, su ne ke cinye shekaru ana nema.

Lafiyar ƙarfe kuwa dubawarta ba ta da tsawo. A miƙe hannun babur, a ja zare biyu daga tayar baya zuwa ta gaba, tazarar kowane gefe ta zo daidai, in ba haka ba shasi ko ƙafar gaba ta lanƙwashe. A bi tanki da mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa akwai fila. A leƙa cikin tankin da tocila. A CB750 a duba kwanon inji kusa da ƙaramin haƙorin sarƙa, saboda idan sarƙa ta tsinke nan take fasawa, kuma an yi wa da yawa walda. A cire filogi, a juya inji a hankali da hannu. Idan yana juyawa a auna matsin kowace silinda, bambanci tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100.

Takardu su dace da ƙarfe harafi da harafi. A tabbatar wa kai cewa mai sayarwa shi ne mai shi ko yana da izinin magada a rubuce, a bincika wurin hukuma ko an taɓa kai rahoton sata, a kuma rubuta lambar inji da ta shasi a takardar ciniki.

Roƙona na ƙarshe ga wanda Allah ya ba sa'a ya samu: kada ka tayar da injin da ya yi shekaru a ajiye don kawai ka ji kukansa. Tsofaffin Triumph da BSA masu silinda biyu suna da wani bututu a cikin karanshaf da ke tara dattin baƙin mai. Idan ya cika ya daskare, mai ba ya kaiwa ga boris, cikin ɗan lokaci sandar fistin ta kama ko ta fasa kwanon da lambar take jiki, kuma wannan kwano ba shi da madadi. A kwance, a wanke bututun tukuna. Kafin a taɓa noti ɗaya a ɗauki hoton kowane lungu, a zuba kusoshin kowane sashe a jakarsu da rubutu. A yi amfani da sifanar Whitworth, wato ta tsohon ma'aunin Ingila, a kan tsofaffin baburan Ingila da sukudireban JIS, wato na ma'aunin Japan, a kan na Japan, don kada a cinye kawunan kusoshi. Lokacin feshin yashi da fenti a rufe wuraren lamba da tef mai kauri, fentin da zai hau kansu ya zama siriri yadda za a iya karantawa. Tsofaffin kayan da aka cire kuma a adana su a kwali, su bi babur ɗin duk hannun da ya koma.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu, ma'abocin gyaran tsofaffin babura