Katun ba na yara kaɗai ba ne

Assalamu alaikum. Edita, ina neman ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan fina-finan zane, waɗanda muke kira katun, da irin rainin da manya ke yi masu.

Ni malamin sakandare ne a nan Daura, kuma ina kallonsu. Ran Juma'a bayan Isha'i, in an kawo wuta, mukan zauna ni da uwargida da yara, har da babban ɗanmu da ke shirin zana WAEC, mu kalli guda. Da na faɗi haka a majalisa sai aka ce, "Haba Malam, da girmanka?"

E, da girmana. Wa ya yi mana tatsuniya muna ƙanana in ba tsofaffi ba? In kakarmu ta ce "ga ta nan ga ta nanku", samari da 'yan matan gidan ba sa tashi, domin a labarin Gizo da Ƙoƙi akwai abin da ƙaramin yaro ke ɗauka, akwai kuma wanda sai an yi hankali ake ganewa. Haka ake tsara katun mai kyau. Autanmu dariyarsa yake yi in wani ya zame ya faɗi. Yayarsa mai shekara 15 kuwa, yarinya ce marar yawan magana, amma ranar da muka kalli labarin wani ɗan zaki da ya ɗora wa kansa laifin mutuwar mahaifinsa, ita ce ta same ni bayan an kashe talabijin tana tambayata yadda na ji lokacin da Baffa ya rasu. Mun daɗe muna hira a tsakar gida. Duk mai 'ya'ya a wannan shekarun ya san wuyar samun irin wannan zama.

Aikin ma ba wasan yara ba ne. Hotuna 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, wato fim na minti 90 ya haura hoto 129,000, kuma ɗaruruwan ƙwararru kan shafe shekaru a kan guda ɗaya. A 1995 kamfanin Pixar na Amurka ya fitar da Toy Story, dogon fim na farko da aka yi kacokan da kwamfuta, daga 2002 kuma aka fara ba irin waɗannan fina-finai tasu kyautar ta daban a gasar Oscar.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da rainin ke jawowa. Uba zai miƙa wa yaro waya ya ce "ai katun ne", ya fita. Alhali akwai waɗanda don manya aka yi su, da shigar banza da ɗabi'un da suka saɓa wa addininmu da tarbiyyarmu. Wanda bai zauna ya kalla ba, ta ina zai san na bari da na hanawa?

Sannan har yaushe za mu ci gaba da kallon na wasu? A 2024 Disney ta haɗa hannu da kamfanin Kugali na 'yan Afirka suka fitar da Iwájú, labarin da aka gina a kan birnin Legas. Mu ga rijiyar Kusugu nan a cikin gari, ga Sarauniya Daurama, ga Bayajidda da macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. A ajina akwai ɗaliban da bayan littattafansu ya cika da zanen dawakin hawan sallah, wallahi da ka gani ka san baiwa ce, amma a gida faɗa ake yi masu wai suna ɓata takarda.

Roƙona biyu ne, Edita. Ku buɗe ɗan shafi da zai riƙa faɗa wa iyaye wane katun ya dace iyali su kalla tare, wanne bai dace ba. Ku kuma aika wakilinku ya tambayi masu shirya fina-finan Kannywood, da sassan koyar da kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, me za su iya yi wa waɗannan yara masu zane.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Tudun Wada, Daura.