Injin Yankan Itace Ya Shigo Ƙauyukanmu, Amma Iliminsa Bai Biyo Shi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan injin yankan itace, wanda ƙararsa ta zama abin da ake tashi da ita a ƙauyukan ƙasar Daura, daga Sandamu zuwa Zango da Baure, tun daga ƙarshen kaka har zuwa faɗuwar ruwa. Ni makaniken ƙananan injuna ne a cikin garin Daura, gyaran janareta da injin ban-ruwa ne asalin sana'ata, kuma ina noma gonar gado a bayan gari. Saboda haka nakan ga wannan inji a kan teburina idan ya mutu, in kuma ga abin da ya bari a gona idan yana da lafiya.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gas da kananzir suka fi ƙarfin gidaje da yawa, mutane suka koma ga itace da gawayi, ga kuma masu gidan burodi da ba su taɓa rabuwa da itace ba. Injunan da ake kawo mini gyara suka ƙaru, kuma kusan duk masu riƙe da su samari ne da suka koyi aikin ta hanyar ɗaukar wa wani jarkar mai na mako biyu ko uku. Littafin da kamfani ya sako cikin kwali da Turanci yake, galibi ma tare da kwalin ake yar da shi. Ba na cikin masu cewa a hana injin baki ɗaya, domin aikin da gatari zai kwana uku yana yi, shi kafin azahar ya gama, kuma akwai bishiyar da ta jingina a kan ɗaki ko ta faɗo ta tare hanya wadda babu abin da zai raba mu da ita cikin sauri sai shi. Damuwata ita ce rashin sanin da ke kashe injin, shi ne yake raunata yaran, kuma shi ne yake kashe bishiyar da ba sai an kashe ta ba kafin a sami itace.

Mafi yawan injunan da ke zuwa wurina ba tsufa ne ya kashe su ba, gaurayen mai ne. Wannan inji ba shi da ma'ajiyar baƙin mai irin ta mota. Man da ke shafe fistan da ringi tare da fetur yake shiga, shi ya sa dole a gauraya su kafin a zuba. Kamfanonin Stihl da Husqvarna sun ƙayyade kashi ɗaya na man gauraya mai alamar 2T a cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, ko mililita 100 a jarka mai lita 5, yayin da yawancin injunan China masu araha suke neman ninkin haka, mililita 40 a lita. Amma yaronmu da marfin gora yake awo, wani lokaci ma da ido, kuma idan 2T ya yi masa tsada sai ya tsiyaya baƙin man babur ya ce ai duk mai ne. Idan man ya yi kaɗan, fistan ya yi zafi ya kankare jikin silinda har ya cije, kuma kuɗin gyaran yakan kusa sayen wani injin. Idan ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe. Sirinji guda na kemis ya isa ya raba mutum da wannan asara. Haka kuma fetur ɗin 'yan bumburutu yana buƙatar a tace shi da ƙyalle mai tsabta, kuma man da aka gauraya bai kamata ya wuce wata ɗaya a jarka ba.

Akwai tanki na biyu a jikin injin, na man da ke shafe sarƙar nan mai haƙora da ke yankan itacen, da ƙarfen da take gudu a kansa. A nan kowa ya saba zuba mataccen baƙin mai da aka juye daga mota, saboda kusan kyauta ake samunsa a gareji, alhali cike yake da ɓurɓushin ƙarfe da ke cinye ɗan famfon da ke tura man, ya kuma goge ƙarfen. Gwajinsa ba wuya: a nuna bakin injin kusa da kututture mai haske ba tare da ya taɓa shi ba, a ba shi wuta kaɗan, idan ba a ga layin mai ya fantsama ba, to sarƙar a bushe take gudu.

Inda na fi son masu wannan sana'a su saurare ni shi ne wasa sarƙa. Ƙasarmu ta yashi ce, iskar hunturu tana cusa rairayi cikin ɓawon kowace bishiya, kuma taɓa ƙasa sau ɗaya da bakin inji ya isa ya dakushe haƙoran gaba ɗaya. Sarƙa mai kaifi da kanta take shiga itace, tana zubar da ɓarzajjen katako mai faɗi. Idan ka ga tana fitar da gari mai laushi kamar na tuwo, kana dannawa da ƙarfin kafaɗa, ko yankan yana karkacewa gefe guda, to ta dakushe, kuma daga nan mai kake ƙonawa kawai. Magagari zagayayye ake amfani da shi, wanda kaurinsa ya dace da sarƙar, misali mai milimita 4.8 ko 5.2 ko 5.5, a riƙe shi a kusurwar digiri 30, a tura daga cikin haƙori zuwa waje, ba a goga da dawowa, kuma kowane haƙori a yi masa adadin turi ɗaya da ɗan'uwansa. Turi biyu ko uku duk lokacin da aka tsaya zuba mai ya fi a bari sai ta mutu a kai ta wurin mai injin wasa wuƙa, wanda yakan ƙone haƙoran har su yi shuɗi. A gaban kowane haƙori akwai wani ɗan tudu da ke ƙayyade zurfin cizonsa, wanda ya kamata ya gaza haƙorin tsawo da abin da bai kai milimita ɗaya ba, kimanin 0.65. Samarinmu sun gano cewa idan suka goge shi sosai injin yana cin itace da sauri, sai suka mayar da hakan gwaninta, ba su san cewa wannan ne ke sa injin ya yi tutsu ya dawo kan mai riƙe da shi ba.

Na ga sakamakon haka da idona a bara. Wani yaro da ke kawo mini gyara ya hau bedi, wanda wasu ke kira darbejiya, yana datse reshe sama da kafaɗarsa da hannu ɗaya, saman bakin injin ya taɓa wani reshe, injin ya tashi ya same shi a kafaɗa. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau hannun bai koma daidai ba. Sarƙar nan tana gudun da ya kai mita 20 a daƙiƙa ɗaya, babu hanzarin ɗan Adam da zai riga ta. Birkin da ke gaban hannun hagu domin wannan aka yi shi, amma wasu cire shi suke yi idan ya fara damunsu, wasu manyan tsofaffin injuna kuma tun asali ba su da shi. Ga silifa a ƙafa, ga babbar riga tana kaɗawa, ga yara sun yi da'ira suna kallo, alhali ƙa'ida ita ce kada kowa ya tsaya kusa da nisan tsawon bishiyar sau biyu. Wajen kayarwa ma, sai a fara yanka baki a gefen da ake so ta faɗi, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin biyar na kaurin gindin, sannan a yanko daga baya a bar wani ɓangare a tsakiya ba a tsinke shi ba, domin shi ne linzamin da ke riƙe ta har ta kwanta inda aka nufa. Wanda ya yanke gindi fal ɗaya, iska ce za ta zaɓar masa inda bishiyar za ta faɗi.

Malam Edita, duk wannan maganar inji ce, kuma inji idan ya mutu ana sayen wani. A gonarmu akwai wani gawo da mahaifinmu ya tarar, ya kuma bar mana. Shekaru uku da suka wuce na ba wani bawan Allah aron ɓangaren gonar, sai wata safiya na je na tarar da kututture da garin katako. Ya sayar da shi ga masu itace, kuma da na yi magana ya ce ai inuwa yake yi wa gero. Wanda ya san gawo ba zai faɗi haka ba, domin shi ne bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta bar wa shuka rana, ta yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci, 'ya'yanta kuma su ƙosar da tumaki, kashinsu ya zauna a gindinta. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na sarari tsawo da cikar zangarniya. Haka ɗorawa, wadda matan gida ke samun kalwar daddawa da gari daga gare ta kowace bazara, da tsamiya da kanya da aduwa: kuɗin da mai itace zai bayar sau ɗaya ne, kuma yakan ƙare kafin kasuwa ta zagayo. A al'adarmu bishiya ta mai gona ce, ba ta mai aro ko mai haya ba, amma tunda da baki muka yi maganar, babu shaida, sai mai unguwa ya ba ni haƙuri, na haƙura.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ana iya samun itacen ba tare da an taɓa gindi ba. Bedi idan aka datse rassansa a sama da tsawon mutum, cikin 'yan shekaru ya sake cika, a sake datsewa, haka za a yi ta ci daga gare shi. Sharaɗin shi ne a iya yankan: a fara ɗan yanka reshen ta ƙasa, sannan a yanke ta sama gaba kaɗan, domin kada nauyinsa ya saɓule ɓawon har jikin bishiyar, daga ƙarshe a gyara guntun kusa da jiki ba tare da an shafe kumburin da ke gindin reshen ba, domin daga nan ne raunin yake rufewa. Reshen da aka tsage ko aka bar masa dogon guntu, ƙofar gara ce da ruɓa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, da muke haɗuwa da su a kasuwar Mai'aduwa, sun farfaɗo da gonakinsu ta hanyar da suke kira sassaben zamani, wadda wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa a yankin Maraɗi a 1983. Ba dashe ba ne. Manomi ne idan ya zo sharar gona, maimakon ya sassabe tohon kalgo da sabara da gawo ya cinna musu wuta, sai ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture ya bari, ya rage sauran. An ƙiyasta cewa ta haka bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Mu kuwa, Katsina tana cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wato shirin dasa bishiyoyi domin tare hamada, da aka kafa da doka a 2015, muna dasa tsirrai kowace damina a gaban kyamara, awaki su cinye mafi yawansu kafin hunturu, alhali tsofaffin saiwoyi suna nan a ƙarƙashin gonakinmu da ransu.

Roƙona ga sashen gandun daji na ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura shi ne kada aikinsu ya tsaya a kan yanka rasit da ƙwace inji a bakin hanya, domin injin da aka ƙwace yau gobe ana fanso shi. A yi wa masu injin rajista, a tara su ko da kwana biyu ne kafin rani ya shiga, a koya musu awon mai da wasa sarƙa da kayar da bishiya da datse reshe, da Hausa, a kan inji na gaske, kuma irina makanikai a shirye muke mu taimaka. Takardar izini kuma ta bambanta datse rassa da sare gindi, kada a sare gawo ko ɗorawa ko tsamiya mai rai sai malamin daji ya je ya gani, mai gonar na asali kuma ya amince a gaban mai unguwa. Ga dagatai da masu unguwanni, ina roƙon duk aron gona ko haya ko jingina da aka kawo gabansu, a ƙirga bishiyoyin da ke ciki a rubuta su a takarda.

Ni dai a shagona na ajiye magagari da sirinji, duk wanda ya kawo inji ya yarda ya zauna ya koyi wasa sarƙarsa da hannunsa, ba na karɓar kuɗin wannan. Gawon nan kuma saiwarsa ta fitar da toho huɗu a daminar da ta wuce. Na bar biyu, na kewaye su da ƙayar bagaruwa saboda awaki.

Wassalam.

Naka,
Wani makanike kuma manomi,
Daura, Jihar Katsina.