Feshi da injin yankan itace suna cinye mana kwaɗo da miya

Assalamu alaikum Malam Edita, dan Allah ka ɗan sammin fili in yi magana kan wani abu da ba a cika kawowa a jarida ba, saboda na talaka ne, wato ganyayyakin da muke tsinka kyauta a bakin gona da bayan gari.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Gumel da Ringim ya san yadda watan Yuli da Agusta suke. Rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, kuɗin ma duk an zuba su a taki. Toh a wannan tsakanin me ke riƙe gida? Tafasa ce. Uwargida ta fita da ƙwarya ta tsinko mai laushin, a dafa a zubar da ruwan a matse da hannu, a daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, in da hali a yanka albasa a ɗiga mai, shi kenan yara sun ci sun sha ruwa sun kwanta. Haka yaɗiya da ke bin shinge har cikin rani tana kore, haka gasaya da rukuɓu, lalo kuma a miya. Ba wanda ya shuka su, Allah ne ke fito da su, kuma tsofaffinmu da suka ga farin 1973 har gobe suna faɗin irin rawar da ganyen nan suka taka.

Yanzu kuwa kowa ya rungumi feshin maganin ciyawa. Ni ba zan zagi feshi ba wallahi, kuɗin ƙwadago ya fi ƙarfin mutane, wanda zai ɗauki 'yan noma biyar gara ya sai kwalba ɗaya ya goya tanki. Amma fisabilillahi me ya kawo fesa iyakar gona da gefen burtali da bakin hanya? Sai ka ga yaro ya gama gonar, sauran maganin da ya rage a tankin ya bi shinge yana watsawa wai kar ya yi asara, bayan kwana kaɗan wurin ya ƙone ƙurmus. Abin da ya fi ban tsoro ma shi ne ganye bai nuna alama ranar da aka fesa shi, mace za ta zo ta tsinka ta kai tukunya ba ta sani ba.

Sai kuma itatuwa. Da fa ko gona aka sayar ana iya cewa ban da kuka ban da ɗorawa, don su ma dukiya ce, har a rabon gado ana lissafa su. Ɗorawa ɗaya ta ba ka gari mai zaƙi yara su sha, ƙwallonta kalwa mata su kwana suna dafawa su surfa su wanke su rufe ya ruɓa a yi daddawa, wadda har yau dunƙulen kanti bai kamo ƙafarta a miyar kuka ba, wannan kam ra'ayina ne kuma ina kai. Amma masu gawayi suna zuwa da inji su tsakura wa magada 'yan kuɗi, kafin la'asar itacen da kakansu ya tarar ya kwanta. Ɗinya, kanya, aduwa, tsamiya, duk haka suke tafiya ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa kalwa ta koma sai an sayo daga nesa.

Roƙona ga masu dashen itatuwa, tunda Kano da Jigawa duk suna cikin jihohin shirin nan na katangar itatuwa don tare hamada: in an zo raba dashe kar a cika mu da darbejiya da turare kawai. Inuwa na da daɗi amma ba a kaɗa miya da ita. A haɗa da kuka da ɗorawa da zogale, a ba mata su dasa a cikin gida inda akuya ba za ta kai ba. Dagatai da masu unguwanni kuma su sa a yi shela kafin shuka cewa a bar taku biyu a iyakar gona ba feshi, malaman gona su maimaita a rediyo, limamai ma in sun taɓa a huɗubar Juma'a za a fi ji.

Naku,
wani manomi daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa