Kafin Mu Ce Kratos Ya Yi Laushi, Mu Duba Yadda Muke Buga Wasan

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Edita.

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan gardamar da ta ƙi ƙarewa tsakanin matasan da ke zuwa gidajen wasan PlayStation a nan Maradi, daga Zariya har Ali Ɗan Sofo, da cikin zaurukansu na WhatsApp. In jarumin wasa ya sauya hali, ya ajiye ramuwa, ya nemi lafiyar zuciyarsa, an gyara labarin ne ko an ɓata shi? Wanda bai kai ƙarshen God of War, The Last of Us Part II, Red Dead Redemption 2 ko Celeste ba ya sani zan taɓo ƙarshensu.

Kratos, jarumin God of War, shi ne ya fi jawo surutu. Mafi yawanmu a PS2 muka san shi, cikin wasan 2005 da na 2007, mutum mai baƙar zuciya da aka yaudara ya kashe matarsa da ƴarsa da hannunsa, tokarsu ta manne a jikinsa. Da na 2018 ya fito, sai ga shi da gemu da ƙaramin ɗa, Atreus, suna ɗauke da tokar matarsa ta biyu zuwa ƙololuwar dutse. Nan wasu suka ce an lalata shi, ai hali zanen dutse ne. A ganina masu wannan magana ba su ga matakan da aka bi ba, domin sauyin ba a faifai ɗaya yake ba, an warwatsa shi cikin tafiyar kusan awa 20. Tun farko yakan miƙa hannu zai dafa yaron, sai ya janye. Kusan duk tafiyar "yaro" yake ce masa, sai can ƙarshe ya kira shi ɗansa. Da Atreus ya kwanta ciwo, dole ta sa ya tono wuƙaƙen nan masu sarƙa da ya ɓoye ƙarƙashin daɓen gidansa, makaman da yake jin kunyarsu, saboda gatarinsa na ƙanƙara ba ya aiki a inda zai nemo maganin. Har a manet an saka dangantakar: maɓallin murabba'i ne ke sa yaron ya harba kibiya, kuma akwai lokacin da girman kai ya kama shi, yake yin gaban kansa a faɗa. Mai wasa yana jin wannan rashin biyayya a yatsunsa kafin uban ya ce uffan.

To wa zai ga duk wannan a ɗakin da talabijin biyar ke ihu, ana jiran ka tashi a buga ƙwallo? Gidajen wasanmu an tsara su ne don FIFA da PES, wasan minti goma a biya a tashi. Wasan labari kuwa yana son mutum ɗaya, ajiya ɗaya (wato inda na'ura ke riƙe matakin da mai wasa ya kai), kunne a buɗe. Abin da ke faruwa shi ne yaro ya karɓi manet a tsakiyar ajiyar wani, ya yi faɗa biyu, ya ƙarasa sanin labarin daga guntayen bidiyo na TikTok, sannan ya yanke hukunci.

Haka ta faru a duniya ma da The Last of Us Part II. Tun a watan Afrilu na 2020 aka fitar da sirrin labarin a intanet, wata biyu kafin wasan ya fito a watan Yuni. Mutane suka ji an kashe Joel, jarumin kashi na farko, suka ji za a tilasta masu yin wasa a matsayin Abby wadda ta kashe shi, suka fusata ba su taɓa manet ba. Aka cika shafin Metacritic, inda ake ba wasanni maki, da maki na ƙeta, har shafin ya kafa dokar jiran awa 36 bayan fitowar wasa kafin jama'a su ba da maki. Laura Bailey, wadda ta yi muryar Abby, har barazanar kisa aka aika mata. Wannan zalunci ne, kuma duk matashin da ke kwaikwayon irin wannan zagi a zaure ya daina. Mai murya aikinta ta yi.

Amma ba duk masu ƙorafi ne ke magana a kan jahilci ba. Tsarin wasan shi ne ka yi kwana uku a birnin Siyatil da Ellie, yarinyar da Joel ya riƙe kamar ƴarsa, tana farautar Abby, sai a mayar da kai baya ka sake kwanakin ukun da Abby, ka gane likitan da Joel ya kashe a ƙarshen wasan farko na 2013 mahaifin Abby ne. A ƙarshe Ellie ta danne Abby cikin ruwa, ta tuno Joel, ta sake ta, ta koma gida babu yatsu biyu, gita ma ta gagare ta. Masu cewa an sa su kashe mutane da dama a hanya, sannan aka yafe wa mutum ɗaya ba tare da an tambaye su ba, suna da hujja. Wasan bai ba mai manet zaɓi ba, kuma dalilin yafiyar, wato hirar ƙarshe da Ellie ta yi da Joel inda ta ce za ta gwada yafe masa, an ajiye shi sai bayan an gama komai. Wanda bai buɗe littafin da Ellie ke rubutu da zane a ciki ba, bai kuma lura da firgitar da ke kama ta a gona ba, zai ga kamar daga sama yafiyar ta faɗo.

Shi ya sa Arthur Morgan na Red Dead Redemption 2 bai sha irin wannan suka ba. Ɗan fashi ne a Amurka ta 1899, ya ɗauki tarin tibi wurin wani talaka da ya je duka saboda bashi, a zamanin da cutar ba ta da magani. Tubansa a hannun mai wasa yake: akwai ma'aunin mutunci da ke hawa in ka taimaki mutane ko ka yafe bashi, yana sauka in ka yi kisan banza, kuma yanayin mutuwarsa yana bin wannan ma'auni. Wanda ya yi awa 50 yana gyara halin Arthur da kansa ba zai ce an yi masa dole ba.

Celeste, ƙaramin wasa na 2018, ya fi su duka iya wannan aiki. Madeline tana hawan dutse, damuwarta ta fito da siffarta tana bin ta. A babi na shida ta yi ƙoƙarin yar da ita, sai ta faɗo har gindin dutsen. Da suka sasanta sai mai wasa ya samu zabura biyu a sama maimakon ɗaya, kuma da ita ake hawa babi na bakwai. Ba wanda ke gardama a kan wannan waraka, domin mai wasa da kansa ya yi tsalle da ita.

Ga abin da nake roƙon masu gidajen wasa da masu na'ura a gida. A ware wa wasan labari talabijin ɗaya da lokacin da babu cunkoso, kamar hantsi. Kowane mai wasa a buɗe masa sunansa a na'urar. PS4 na ɗaukar har mutum 16, kuma ajiyar kowa daban take, ba mai goge ta wani. A kunna rubutun ƙasan allo da Faransanci. God of War da The Last of Us suna da muryoyin Faransanci a faifan Turai, amma Red Dead Ingilishi kawai ake ji, don haka wanda bai kunna rubutu ba bai san abin da Arthur ke faɗa ba. A jona abin saurare na kunne a ramin da ke ƙasan manet. A God of War kada a yi saurin sauka daga kwalekwale, domin hirar uba da ɗa da tatsuniyoyin Mimir, abokin tafiyarsu, suna yankewa da zarar an taɓa gaɓa. A Red Dead a riƙa zama a sansani ana sauraron mutane, a kuma buɗe littafin Arthur bayan kowane babi.

Sai maganar kuran. In ya ɗauke daidai lokacin da na'ura ke rubuta ajiya, ajiyar na iya lalacewa, aikin sati uku ya tafi, kuma wanda hakan ta same shi da wuya ya sake farawa. Sai ya koma kallon ƙarshen a waya. Onduler, wato akwatin batir mai riƙe wuta, ko ƙarami ne yana ba da ƴan mintunan kashe na'ura yadda ya kamata. A kuma riƙa kwafe ajiya a kile USB da aka tsara da FAT32 ko exFAT, ta wurin saitin kula da bayanan ajiya. A PS5 ajiyar wasannin PS4 kawai ke kwafuwa ta wannan hanya. Red Dead shi kaɗai yana cin kusan giga 100, don haka a na'ura mai giga 500 a lissafa kafin a goge wasan da wani bai gama ba.

Iyaye kuma su dubi lambar da ke jikin kwali. God of War, The Last of Us da Red Dead duk alamar shekara 18 gare su, akwai jini da kisa ƙarara, kuma allolin da ake ambata a God of War tatsuniyoyin Girka da na arewacin Turai ne, ya kamata babba ya faɗa wa matashi haka. Celeste ne kawai ya dace da yara. In kuma matashi ya ce firgitar Ellie ko damuwar Madeline irin tasa ce, kada abokai su yi masa dariya, kada kuma a bar shi da manet a ce ya samu magani. A zauna a saurare shi, a sanar da wani babba da ya yarda da shi, in abin ya hana shi barci ko zuwa lakwal a raka shi wurin likita.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wani mai kula da gidan wasan bidiyo,
Unguwar Zariya, Maradi, Jamhuriyar Nijar.